Tarihin Ɗumama Gidaje a Turai: Daga Murhun Kwal Zuwa Injin Janyo Zafi

1.0 Gabatarwa

A arewacin Turai hunturu yakan ɗauki kusan rabin shekara, tun daga watan Oktoba har zuwa Afrilu. A tsawon wannan lokaci, gidan da ba a ɗumama ba yana iya zama ajalin mazauna cikinsa, musamman tsofaffi da jarirai da marasa lafiya. Wannan ne ya sa ɗumama ɗakuna ke cinye kaso mafi tsoka na makamashin gida. A ƙasashen Tarayyar Turai ya haura kashi 60 cikin 100 na duk makamashin da iyalai ke amfani da shi a gidajensu. Ke nan batun abin da za a ɗumama gida da shi ya shafi lafiyar jama'a da aljihun magidanci, ya kuma shafi tsaron ƙasa.

Wanda ya saurari muhawarar da ake yi a yau game da iskar gas da mai da itace da injin janyo zafi zai ɗauka cewa kowane magidanci yana zama ne da alƙalami ya auna farashi kafin ya zaɓa. Tarihi ya nuna cewa zaɓin magidanci ƙanƙane ne. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne arzikin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar al'umma, da irin bala'in da ya taɓa girgiza ta, da matakin da hukuma ta ɗauka bayan bala'in. Wannan maƙala ta bi sawun Birtaniya da Faransa da Suwidin domin ganin yadda kowacce ta isa inda take a yau. Daga nan ta dubi tarihin injin janyo zafi, da matsalar da ta daɗe tana biye da shi, wato abin da zai tallafa masa a daren da sanyi ya kai maƙura.

2.0 Ingila: Daga Itace Zuwa Kwal

Har zuwa ƙarni na 16, itace da gawayinsa su ne makamashin gidajen Ingila. Kwal, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙasa, sananne ne tun kafin lokacin, domin jiragen ruwa suna kawo shi Landan daga yankin Newcastle tun ƙarni na 13. Sai dai makamashin maƙera ne da masu ƙona farar ƙasa, kuma jama'a sun ƙyamace shi saboda warin hayaƙinsa, har ta kai Sarki Edward na I ya yi shelar hana ƙona shi a farkon ƙarni na 14. Shelar ba ta yi tasiri mai ɗorewa ba.

Bunƙasar Landan ce ta sauya lamarin. Mutanen birnin sun kai kimanin 200,000 a shekarar 1600, sannan suka haura rabin miliyan kafin 1700. Dazuzzukan da ke kusa suka kasa ciyar da murhunan birnin. Itace kaya ne mai nauyi da cin wuri, ɗauko shi daga nesa a kan amalanke yana ninka kuɗinsa, alhali kwal ta ruwa yake zuwa, kuma awo guda nasa ya fi na itace ba da zafi. Talakawa ne suka fara komawa gare shi bisa dole, masu hali suka biyo baya. Sauyin ya taɓa har fasalin gida. Wutar itace ana iya hura ta a tsakiyar ɗaki hayaƙi ya fita ta rufi, amma hayaƙin kwal ba ya shaƙuwa, don haka murhun jikin bango mai bututun hayaƙi na bulo ya game gidaje. Murhu ya zama ma'aunin arzikin mutum, har gwamnati ta ɗora masa haraji a 1662, sule biyu a shekara kan kowane murhu. An soke harajin a 1689 saboda ƙin jinin da jama'a suka yi masa.

Tun a 1661 John Evelyn ya rubuta ɗan littafi mai suna Fumifugium yana kai wa Sarki Charles na II kukan hayaƙin Landan. An yi kusan shekara 300 ana wannan kuka ba tare da doka ta taɓa murhun gida ba. Buɗaɗɗen murhu ɓarna ce, domin mafi yawan zafinsa ta bututu yake ficewa. Amma kwal yana da araha, ma'adinansa suna ɗauke da dubban ɗaruruwan ma'aikata, kuma wutar da ake gani tana ci a falo ta shiga ran Ingilawa.

Ƙarshen wannan zamani ya soma ne daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952. An yi sanyi mai tsanani, kowa ya ƙara kwal a murhu, iska kuma ta tsaya cik. Wata iska mai ɗumi ta danne mai sanyi a saman birnin kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Baƙin hazo ya lulluɓe Landan har direbobi suka bar motocinsu a titi. Ƙididdigar farko ta nuna cewa mutum 4,000 ne suka mutu, binciken da aka yi daga baya kuwa ya kai adadin zuwa kimanin 12,000. A 1956 majalisa ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana unguwannin da ba a yarda a ƙona makamashi mai hayaƙi ba, tare da tallafin kuɗi ga magidanta domin su sauya murhunansu.

3.0 Zuwan Iskar Gas

Dokar 1956 ta rage hayaƙi, amma magajin kwal daga ƙarƙashin teku ya fito. A 1959 aka gano babbar taskar gas a yankin Groningen na ƙasar Holan, abin da ya sa kamfanoni suka shiga lalube a Tekun Arewa. A 1965 kamfanin BP ya samu gas a ɓangaren Birtaniya na tekun.

Garuruwan Birtaniya suna da bututan gas tun ƙarni na 19, sai dai gas ɗin na masana'anta ne, wanda ake tatsowa daga kwal. Yana da guba, kuma ƙarfin zafinsa kusan rabin na gas ɗin teku ne, don haka na'urar da aka ƙera domin wancan ba za ta ƙona wannan lafiya ba. Daga 1967 zuwa 1977 aka aika ma'aikata gida-gida, unguwa bayan unguwa, suka sauya bakin wuta na na'urori kusan miliyan 40 a gidaje sama da miliyan 13, ba tare da an caji magidanta kuɗin aikin ba. Aikin ya yiwu ne saboda masana'antar gas tana hannun gwamnati tun 1949. Bututu da ma'aikata da ikon yanke ranar sauyi duk suna hannu ɗaya.

Gas mai araha ya yaɗa tsarin ɗumama gida daga tukunya guda. Tukunyar tana dafa ruwa, wani ƙaramin famfo yana zagayawa da shi cikin bututu zuwa akwatunan ƙarfe masu kama da lagireton mota da ke jikin bangon kowane ɗaki. A 1970 ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar ne ke da irin wannan tsari. A yau kusan kowane gida yana da shi, kuma kimanin huɗu cikin biyar da gas suke aiki.

Arahar ta bar baya da ƙura. Tukunyar gas tana tura ruwa mai zafin digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, wanda ke iya ɗumama ko da gidan da zafi ke zurarewa ta bango da taga, saboda haka ba a matsa wajen gyara tsofaffin gidaje ba. Rijiyoyin tekun suka fara ja da baya bayan shekarar 2000, kuma daga 2004 gas ɗin da Birtaniya ke sayowa ya fi wanda take fitarwa. Da Rasha ta mamaye Yukiren a 2022, farashi ya yi tashin gwauron zabo, sai da gwamnati ta zuba maƙudan kuɗi domin riƙe kuɗin makamashin matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara.

4.0 Girgizar Mai ta 1973 da Hanyoyi Biyu

A watan Oktoba 1973, bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙo shi, suka kuma hana sayar wa wasu ƙasashe. Cikin ƴan watanni gangar mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ninka farashin. Birtaniya tana da Tekun Arewa da za ta jingina da shi. Faransa da Suwidin kuwa ba su da wani mai na a-zo-a-gani a ƙasarsu, alhali ɗimbin gidajensu da man ɗumama gida suke aiki, wanda ɗan'uwan man dizal ne, tanka ke kawo shi ta zuba a tankin gida. Matsalarsu ɗaya ce, amma hanyoyin da suka bi sun sha bamban.

4.1 Faransa: Nukiliya da Hitar Bango

A watan Maris 1974 Firayim Minista Pierre Messmer, wanda ya taɓa zama babban kwamishinan Faransa a Kamaru da kuma Afirka ta Yamma gab da samun ƴancin kai, ya sanar da gagarumin shirin gina tashoshin nukiliya. Cikin shekara 25 ƙasar ta gina tukwanen nukiliya sama da 50, waɗanda suka riƙa ba da kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkinta. Tashar nukiliya tsadarta a gini take, idan an gama ta kuwa ribarta ita ce ta yi ta aiki dare da rana. Kamfanin lantarki na gwamnati, EDF, ya buƙaci kasuwa, ya kuma same ta a ɗakunan jama'a. Maginan gidaje suka karɓi hitar bango hannu bibbiyu, domin ba ta buƙatar tukunya ko tanki ko bututu, waya kawai za a ja. A yau kimanin kashi ɗaya cikin uku na gidajen Faransa da lantarki ake ɗumama su.

Wani kaso na uraniyom ɗin da ya ciyar da waɗannan tashoshi daga jihar Agadas ya fito. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙo shi a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978, har zuwa rufe ma'adininsa a watan Maris 2021. Lantarkin da ma'adinan ke aiki da shi kuwa daga kwal ɗin Anu Araren yake fitowa, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona shi tun farkon shekarun 1980. Wato ana ƙona kwal a Ayar domin haƙo ma'adinin da ya taimaka wajen raba gidajen Faransa da mai da kwal.

Raunin tsarin Faransa a hunturu yake bayyana. Hitar bango tana mai da awo ɗaya na lantarki awo ɗaya na zafi, ba ƙari, kuma miliyoyinta suna kunnuwa a lokaci guda idan sanyi ya sauko. Duk digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru yana ƙara buƙatar ƙasar da kimanin megawat 2,400, abin da tukwanen nukiliya biyu ko uku ke bayarwa. A yammacin 8 ga Fabrairu, 2012, buƙatar ta kai kimanin megawat 102,000, sai da aka sayo wuta daga maƙwabta. A 2022 kuma, da aka dakatar da tukwane da dama domin gyaran tsagewar bututu, lantarkin da Faransa ta sayo ya fi wanda ta sayar, a karon farko cikin sama da shekara 40.

4.2 Suwidin: Ɗumamar Haɗaka da Haraji

Suwidin ta daɗe da sanin tattalin makamashi. A 1767, saboda fargabar ƙarancin itace, Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede suka inganta wani murhu na bulo da tayil, wanda hayaƙi ke kewaya dogayen hanyoyi a cikinsa kafin ya fita. Bulon yana shanye zafin, ya riƙa sakinsa sannu a hankali na tsawon sa'o'i bayan wuta ta mutu.

Bayan 1973 ƙasar ta dogara ne da wani tsari da ta riga ta fara, wato ɗumamar haɗaka. A wannan tsari ana dafa ruwa a babbar tasha guda, a tura shi ta bututan ƙarƙashin ƙasa zuwa gidajen gari. Garin Karlstad ne ya fara a 1948, kuma shirin gina gidaje miliyan ɗaya da aka gudanar daga 1965 zuwa 1974 ya samar da manyan benaye waɗanda haɗa su da bututu ke da sauƙi. Fa'idar tsarin ita ce ana iya sauya makamashi a tasha ba tare da an shiga gidan kowa ba. Tashoshin da suka fara da mai sun koma kwal da lantarki a shekarun 1980, daga baya suka koma tarkacen itacen masana'antun katako da sharar gari da rarar zafin masana'antu. A birnin Stockholm an kafa manyan injinan janyo zafi a shekarun 1980, waɗanda ke tatso ɗumi daga ruwan teku da ruwan bahaya da aka tace. A yau wannan tsari yana ba da kimanin rabin zafin da gine-ginen ƙasar ke buƙata.

Gidajen da bututu bai kai gare su ba kuwa, haraji ne ya juya su. A 1991 Suwidin ta ɗora haraji kan iskar kabon da makamashi ke fitarwa, kurona 250 kan kowane tan, ta kuma yi ta ƙara shi har ya haura kurona 1,000. Man ɗumama gida ya yi tsada, lantarkin ruwa da na nukiliya kuma yana da sauƙi, ƙasar kuma tana zaune kan dutse mai ƙarfi wanda ake iya huda rijiya mai zurfin mita 100 zuwa 200 a cikinsa. Waɗannan ne suka buɗe wa injin janyo zafi ƙofa, har mai ya kusan ɓacewa daga gidajen ƙasar.

5.0 Injin Janyo Zafi: Asali da Yadda Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya ga wannan inji yana aiki. Firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya zubar a ɗaki, na'urar sanyaya ɗaki tana kwashe zafi daga ɗaki ta zubar a waje. Injin janyo zafi juya akalar wannan aiki ne, ya kwaso zafi daga waje ya shigo da shi ɗaki. A cikinsa akwai wani ruwa na musamman wanda ke tafasa ko a cikin tsananin sanyi. Idan ya tafasa ya zama tururi yakan shanye ɗan ɗumin da ke cikin iska ko ƙasa ko kogi. Kwamfiresa sai ta matse tururin, matsar ta ƙara masa zafi, ya saki zafin a cikin gida ya koma ruwa, zagayen ya sake farawa. Tun da lantarkin ɗaukar zafi yake yi daga wani wuri zuwa wani, awo ɗaya na lantarki yakan kawo awo uku ko huɗu na zafi.

Tunanin ya girmi tukunyar gas ta zamani. Sadi Carnot ya aza harsashin ilimin a Faransa a 1824, William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya ba da shawarar ɗumama gini ta wannan hanya a 1852, Peter von Rittinger kuma ya gwada ta wajen dafa gishiri a Ostiriya a shekarun 1850. Suwizaland, wadda ba ta da kwal amma tana da lantarkin ruwa, kuma ta ɗanɗana ƙarancin kwal a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ce ta fara amfani da shi sosai. A 1938 aka kafa wa zauren majalisar birnin Zurich inji mai janyo zafi daga kogin Limmat. A Ingila ma injiniya John Sumner ya gina irinsa a Norwich a 1945, amma arahar kwal da gas ta binne fasahar na tsawon shekaru.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Tukunyar gas ta zamani tana mai da kimanin kashi 90 cikin 100 na makamashinta zafi. Idan inji yana ba da awo uku kan kowane awo na lantarki, to kuɗin ɗumama da su biyun zai zo daidai ne a lokacin da farashin lantarki ya ninka na gas sau uku da ɗan ɗoriya. A Birtaniya lantarki ya daɗe yana ninka gas kusan sau huɗu, don haka ko tallafin fam 7,500 da gwamnati ke bayarwa a Ingila da Wales tun Oktoba 2023 bai kawar da shakkar magidanta ba. A Norway da Suwidin da Finland, inda bututun gas bai game gidaje ba kuma mai ke ɗauke da haraji, lissafin ya karkata ga injin. Kimanin kashi 60 cikin 100 na gidajen Norway suna da shi, sama da kashi 40 kuma a Suwidin da Finland. Ƙasashen da suka fi sanyi a Turai su ne suka fi rungumar sa.

6.0 Daren da Ya Fi Sanyi da Shirin Ko-ta-kwana

Injin da ke janyo zafi daga iska yana da rauni guda. Gwargwadon yadda sanyi ke ƙaruwa a waje, gida yana ƙara buƙatar zafi, injin kuma yana raguwa a abin da yake iya bayarwa, ga ƙanƙara da ke taruwa a jikinsa wadda sai ya tsaya ya narkar. Akwai wani matakin sanyi da buƙatar gida da ƙarfin inji ke haɗuwa daidai wa daida. Ƙasa da wannan mataki dole wani abu ya cike giɓin. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka kowane tsarin ɗumama gida a ƴan kwanakin nan ake gane ingancinsa.

Hanya ta farko ita ce hitar lantarki da ake sakawa a cikin injin. A Suwidin an saba sayen inji mai ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na buƙatar rana mafi sanyi. Tun da irin waɗannan ranaku kaɗan ne, injin yakan ba da sama da kashi 90 cikin 100 na zafin shekara, hita ta cike sauran. Ga magidanci wannan ita ce hanya mafi arahar kafawa. Ga kamfanin lantarki kuwa matsalar Faransa ce ta dawo ta bayan gida, domin hitocin duk a dare ɗaya suke kunnuwa. An ga hakan a jihar Texas ta Amurka a Fabrairu 2021, inda yawancin gidaje da lantarki ake ɗumama su. Buƙata ta yi sama a daidai lokacin da rijiyoyin gas da bututai da tashoshi suka daskare. Gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta, hukumomin jihar kuma suka tabbatar da mutuwar mutum 246.

Hanya ta biyu ita ce haɗa injin da tukunyar gas ko ta mai. Lardin Kebek na Kanada ya mai da wannan tsari manufa tun shekarun 1980. Kamfanin Hydro-Québec yana sayar wa irin waɗannan gidaje lantarki da rangwame a mafi yawan shekara, amma da zarar sanyi ya kai digiri 12 ƙasa da sifili, ko 15 a yankunan da suka fi sanyi, na'ura takan juya gidan zuwa tukunya, farashin lantarki kuma ya hau. Ta haka kamfanin yake kauce wa gina tashoshin da ba za a buƙace su ba sai ƴan kwanaki a shekara. Nauyin ya koma kan magidanci, wanda zai kula da na'urori biyu. Idan kuma gas ne, akwai tambayar da ba a warware ba: wane ne zai ɗauki nauyin kula da bututan gari idan kowane gida kaɗan yake saye?

Hanya ta uku ita ce murhun itace, kuma ita kaɗai ce ke aiki idan wuta ta ɗauke. Tukunyar gas da ta mai suna buƙatar lantarki domin famfo da fanka da na'urar kunnawa, saboda haka madadin inji ne a ranar sanyi, amma ba sa ceto a ranar duhu. A Janairu 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki a Kebek, gidaje sama da miliyan ɗaya suka rasa wuta, wasu har tsawon makonni. A Janairu 2005 guguwar Gudrun ta yi wa dubban ɗaruruwan gidaje a kudancin Suwidin irin haka. A wuraren biyu, masu murhun itace ne suka fi samun damar zama a gidajensu. Aibin itace shi ne hayaƙi, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, shi ya sa ya fi dacewa da karkara fiye da tsakiyar birni.

Hanya ta huɗu ita ce rage giɓin kansa. Gidan da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da abin da ke hana zafi fita, aka kuma sa masa taga mai gilashi biyu ko uku, yana buƙatar zafi kaɗan, kuma yakan daɗe kafin ya huce idan na'ura ta tsaya. Injinan zamani masu kwamfiresar da ke ƙara gudu ko rage shi suna aiki har a digiri 25 ƙasa da sifili, masu janyo zafi daga rijiya kuwa sanyin iska bai cika damun su ba, domin ɗumin ƙarƙashin ƙasa ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da hunturu. Waɗannan duka suna da tsada a farko, kuma a nan ne tsofaffin gidajen Birtaniya ke biyan bashin shekarun arahar gas.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya ganin cewa ƙasashen uku sun gaji tsarin ɗumama gidajensu ne daga hukuncin da aka yanke bayan wata girgiza. Hazon 1952 da gas ɗin Tekun Arewa suka ba Birtaniya tukunyar gas. Girgizar 1973 ta ba Faransa nukiliya da hitar bango, ta ba Suwidin bututun haɗaka da haraji da injin janyo zafi. A kowane hali, hukuma ce ta shimfiɗa bututu ko waya ko ta sauya farashi, magidanci ya bi hanyar da ya tarar a buɗe.

An kuma ga cewa sabon makamashi ba ya korar tsoho gaba ɗaya, yakan mai da shi na ko-ta-kwana. Itace ya koma gefe a gidajen Suwidin, mai ya koma gefe a gidajen Kebek, kuma alamu sun nuna cewa gas zai iya bin wannan sahu a wuraren da ke haɗa shi da injin janyo zafi. Saboda haka kwatanta makamashi da farashin awo kaɗai bai wadatar ba. Sai an haɗa da kuɗin kafawa, da halin ginin, da nauyin da zai hau kan tashoshin lantarki a dare mafi sanyi, da abin da zai faru idan wuta ta ɗauke.

Irin wannan sauyi yakan ɗauki lokaci mai tsawo. An yi shelar farko ta hana ƙona kwal a Landan a farkon ƙarni na 14, amma sai a watan Mayu 2023 aka haramta sayar da kwal ɗin murhu ga gidajen Ingila, sai kuma ranar 30 ga Satumba, 2024, aka rufe tashar lantarki ta ƙarshe mai aiki da kwal a Birtaniya, wato Ratcliffe-on-Soar. Sauyin gas kuwa, wanda hukuma ta tsara ta kuma biya kuɗinsa, shekara 10 kacal ya ɗauka.